Shuɗin Gam a Tasar Giya

Wata biyu da binne Sixten aka jawo motarsa zuwa rumfar ƙanwarsa Majvor. Doguwar motar Amurka ce ƙirar 1961, fara mai jajayen kujeru, marar rufi, irin wadda mazan garin Vikarbo ke yi wa hidimar da ba sa yi wa matansu. Shekara tara tana kulle a rumbun ciyawa. Tayoyinta sun kwanta, ɓeraye sun yi zuri'a a kujerar baya.

Elsy, matar marigayin, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta riƙe jakarta da hannu biyu kamar mai jiran likita. 'Yarta Tuva tana bayanta, hannu a aljihu, ido a ƙasa.

"Tuva ce ta nace," in ji Elsy. "Wai tana so ta ga motar babanta ta sake tafiya. Mun fara zuwa garejin Börje."

"Ai na san ba ni za ku fara nema ba. Me ya ce?"

"Wai aiki ya yi masa yawa har kaka. Ya ce ma mu sayar wa 'yan gwangwan mu huta, giyar ta riga ta ƙone."

Majvor ta ajiye sarƙar injin yankan itacen da take wasawa. Börje ya ƙi motar Amurka? Mutumin da zai bar abinci a faranti in ya ji ƙarar irinta ta wuce a titi? Ta ɗauki tocila.

Kowa a garin ya san labarin motar nan, kuma kowa ya san shi a karkace. Majvor a garejin babansu Hilding ta tashi. Sixten bai taɓa son baƙin mai a farcensa ba, ya tafi aikin gandun daji, ita ce ta gaji hannun tsohon a kan giyar otomatik, wadda kanikawa da yawa ke gudu a lokacin. Hilding yana da ƙa'idarsa ta canza man giya, bai kuma yarda da yanke ba. A kwance tasar da ke ƙasan giya, a zubar da tsohon mai, a wanke tasar tas, a goge maganaɗisun da ke cikinta a duba irin garin ƙarfen da ya kama, a sa sabuwar filta. Gaskit kuwa, wato shimfiɗar da ke tsakanin bakin tasa da giya, a bushe ake sa shi, ba a shafa masa komai. Kafin a mayar da tasa sai mai aikin ya ɗauki ƙusa ya karce kwanan wata da harafin farko na sunansa a cikinta. Sannan a zuba jan mai, a ta da mota ta ɗauki zafi, a auna tana kunne.

Da tsohon ya rasu Majvor ta ɗauki Börje suka haɗa gwiwa, don shi yana da bakin jan mutane, ita ba ta da shi. Aibinsa shuɗin gam. Duk abin da ya ga yana naso sai ya matsa masa gam, famfo ne, injin ne, har takalmin ruwansa bai tsira ba. Shi ya sa ake ce masa Mai Shuɗi, yana kuma jin daɗin sunan. Sun sha faɗa a kai. Ta taɓa wurga masa kwalin gam guda cikin tafki a gaban mutane, ta ce gam ba shi da hurumi a tasar giya, domin rarar da ta matso ciki za ta gutsuttsure, mai ya kwashe ta ya toshe filta. Aka yi dariya, aka ce Majvor da zafin kai.

Shekarar da Tuva ta gama sakandare Sixten ya kawo motar a canza mata mai, domin a cikinta za a ɗauko yarinyar ranar yaye su. Majvor ta yi aikin ranar Talata. Laraba da Alhamis tana asibitin birni da mijinta, motar ta kwana biyu a gareji, Sixten ya ɗauka da safiyar Juma'a. Aka ɗaura mata rassan bishiya masu sabon ganye, aka sa balan-balan. Tuva ta hau saman kujerar baya da farar riga da farar hula tana ɗaga wa mutane hannu. A tsakiyar dandali, inda rabin gari ya taru, injin ya yi ta gurnani mota ta ƙi motsi. Giyar ta yi zafi ta amayo mai a kan salansa, hayaƙi ya turnuƙe. Aka sauko da yarinya tana tari tana kuka, farar rigar ta tashi daga aiki. Sixten ya juya yana neman ƙanwarsa a cikin taro, sai Börje ya ɗaga kafaɗa, ya yi magana a tausashe, yadda na kusa za su ji su kai wa na nesa.

"Ni dai ban taɓa ta ba. Amma kada a ga laifinta, hankalinta yana asibiti. Wataƙila filtar ce ba ta zaunar da kyau ba."

Wannan tausayin ne ya gama da ita. Ta roƙi Sixten ya bar ta ta buɗe giyar ta gani, ya ce aikin da hannunta ya yi ya isa haka. Ya ja motarsa ya kulle a rumbu. Shekara tara suna haɗuwa a kanti yana gaida ta da ka, kamar wadda ya taɓa gani a wani wuri. Masu motoci suka fara cewa, cikin ladabin nan namu mai yanka, in ba damuwa Börje ya duba musu. Kafin shekara ta zagayo ta bar masa garejin ubanta, ta koma rumfar bayan gida tana gyaran injin yankan ciyawa.

Sai kuma maganar bango. Kulob ɗin masu tsofaffin motoci yana da bangon katako a zaurensa, inda duk shekara ake kafa shaidar kwaɓar da ta fi kowace girma, da sunan mai ita. Akwai fistan da ya fashe, akwai makullin da wani ya rufe a but ɗin motarsa ranar aurensa. Wasa ne, ana shan kofi ana dariya. Dokarsa ɗaya, wanda ya kafa abu shi kaɗai ke cirewa. A shekarar da abin dandali ya faru Börje ya kafa reshe guda daga jikin motar, wanda hayaƙi ya baƙanta, da ɗan allo mai sunan Majvor. Bai taɓa cirewa ba.

To, gaban motar yana ɗage a bayan janwen da ya jawo ta, Majvor ta shimfiɗa kwali ta shige ƙarƙashi. Tasar na nan yadda aka bar ta, laka da yanar gizo sun rufe notunan. Ta bi gefenta da hasken tocila, kusurwa kusurwa. Babu komai a gaba, babu a gefe. A can baya, inda ƙarfen da ke tallafe da giyar ya tare hanya, inda tsumma ba ya kaiwa, ta ga wani siririn abu kamar zare ya leƙo. Ta tofa yawu a yatsa ta goge shi. Shuɗi ne.

Ta daɗe a kwance. Ta sha zargin Börje a ranta, amma yau ta gani da idonta, ta kuma ji ƙiyayyarsa ta cika mata ƙirji har numfashi yana yi mata wuya. Ga sifana kusa da hannunta, minti goma ya isa ta sauke tasar ta nuna wa Elsy. Elsy za ta yi kuka, ta ba ta haƙuri, a sha kofi, maganar ta mutu a rumfa tsakanin mata uku. Börje kuma ya ce ai ita ta shafa da hannunta bayan an kawo mata motar. A'a. A dandali aka yi mata, ba za ta rama a bayan gida ba.

Ta fito tana kaɗe riga, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Ku mayar da ita rumbu. Tuva, ki kulle, makullin ya zauna a aljihunki, kada ki gaya wa kowa komai. Ranar buɗe kulob ku kai ta can."

"Can kuma?" Tuva ta ɗago ido karo na farko. "A gaban mutane?"

"A gabansu aka ɓata miki rana. Bari su ga abin da ke ciki, kowa ya huta."

"Yadda kika ce, Majvor."

Tun tana ƙarama Gwaggo take ce mata. Ranar dandali ta daina.

Mako uku Majvor ta yi tana jira, kuma ba ta taɓa jin daɗin jira irin wannan ba. Abinci ya dawo mata da ɗanɗano. Ranar Litinin ɗin ƙarshe ta haɗu da Börje a kanti wajen firjin madara, ta gaishe shi da fara'a har ya waiga ya ga ko da wani take. Ta tambayi lafiyar bayansa, ya bugi ƙirji ya ce garau yake kamar saurayi. Ta ce madalla, ta adana maganar.

Asabar ta farko a watan Mayu ake buɗe kulob, ranar da motoci ke fitowa daga ɓuyan hunturu. Filin ya cika da su, an goge kowace tana ƙyalli, ana gasa naman sosej, kofi yana yawo. Börje ne shugaba yanzu. Ya sa 'yar sharar fatarsa, ya tara sababbin shiga a gaban injin ɗaga mota yana yi musu karatun da yake yi duk shekara a kan man giya. Kullum da abu ɗaya yake rufewa, ya nuna bango da sifana ya ce, "Ku kula, kada ku ƙare a can." Bai kai nan ba janwe ya shigo da farar mota a bayansa.

Hayaniya ta yanke. Majvor ta biyo janwen a ƙafa, riƙe da tiren burodin kirfa da ta gasa da safe. Ta ajiye a teburin kofi, ta juyo.

"Börje, shekara tara kana koya wa mutane kuskurena ba ka taɓa ganinsa ba. Ga shi na kawo maka har gida. Buɗe ka nuna musu."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Majvor, abin da ya wuce ai ya wuce. Yau ranar murna ce. Ga sosej can yana ƙonewa."

"Sosej yana da mai juya shi."

"Kuma bayan nan nawa ya matsa mini kwana biyu."

"Ranar Litinin ka ce garau yake kamar saurayi. Ko samartakar ta ƙare ne?"

Aka fashe da dariya. Tsoho Folke, wanda ya yi zamani da Hilding, ya buga sandarsa a ƙasa. "Buɗe mana, Mai Shuɗi. Mun gaji da tatsuniya, muna so mu gani."

Tuva ce ta ƙarasa shi, ba tare da ta san abin da take yi ba. Ta ɗauko sifana daga tebur ta miƙa masa. "Kai ne aminin Baba. Kai ne a gaba ranar da aka ɗauki akwatinsa. Ba na so kowa ya taɓa ta sai kai."

Aka ɗaga motar sama. Majvor ta ce kafin a sa hannu Folke ya leƙa ya faɗa wa jama'a ko an taɓa notunan. Tsohon ya ɗaga kai ya duba da kyau, ya ce gizo-gizon da ya yi saƙar nan ma ya daɗe da mutuwa. Börje ya shiga ƙarƙashi, ya tura baho, ya fara kwancewa. Noti goma sha uku ne. Majvor ta harɗe hannu tana kallon gumi yana gangara masa ta bayan kunne, ga shi kuwa iska mai sanyi ce ke shigowa daga tafki.

Ya cire na ƙarshe. Tasar ba ta motsa ba.

Duk wanda ya taɓa sauke tasar da aka ɗaura a bushe ya san tun kafin ka gama kwancewa take sakowa, ta yi maka wanka da mai in ba ka yi hattara ba. Wannan ta manne kamar an yi mata walda. Tsofaffin hannu suka fara kallon juna.

"Me ya riƙe ta?" in ji Folke.

"Tsufa ne," in ji Börje.

"Ni ma tsoho ne, ban manne da komai ba."

Sai da ya cusa sukudireba ya ɓanɓare. Tasar ta saki, mai ya zubo baƙi ƙirin, warin ƙuna ya cika zauren. Ya so ya ajiye ta a ƙasa a bayan baho, Majvor ta karɓe ta kai teburin da ke tsakiya, ta tsiyaye sauran man, ta goge da tsumma a hankali, ba ta gaggawa. Bakin tasar duk kewaye yake da shuɗin gam, mai kauri, ya tumbatso ciki. A tsakiya ga karcen ƙusa, kwanan watan Talatar nan da harafin sunanta.

"Saura filta," ta ce. "Ka ce ban zaunar da ita ba. Girgiza ta mu gani."

Ya kama ya girgiza. Ko gezau.

"Da ƙarfi. Kai ne saurayi."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ya kwance ta ya sauko da ita. Bakinta a cushe yake da guntayen shuɗi kamar dafaffiyar taliya, ko allura ba za ta wuce ba, balle mai. Majvor ta zaro guda da farce ta ɗaga sama, ta juya da shi a hankali don na baya su gani.

"Kowa na iya sayen gam," in ji Börje. 

"Haka ne."

Ta karkato tasar wajen haske. A bangonta na ciki, kusa da kwanan watan, akwai tambarin babban yatsa da gam ya bushe a kai, da tsaga a tsakiyarsa. Ta kama hannunsa na dama, ta miƙar da yatsan da zarto ya taɓa rabawa, ta ɗora shi kusa da tambarin ta riƙe. Bai ƙwace ba. Mutane suka matso, suna dubawa suna ja da baya don wasu su samu wuri.

Elsy ta nemi tsohuwar taya ta zauna.

"Naso na gani ranar Alhamis," in ji Börje, idonsa a kan teburin. "Ɗigo ɗaya ne a ƙasa. Taimako na yi niyya."

"Ɗigo ɗaya ƙara ɗaure noti ake yi, kai ma ka sani. Amma gam ɗin ban riƙe ka da shi ba. Jakanci ne, kowa yana da nasa. Abin da ya kawo ni shi ne 'ni dai ban taɓa ta ba'. Maimaita mana shi."

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Da taushin muryar nan. Ka iya ai."

"Majvor," Elsy ta ce daga inda take zaune, hawaye na bin fuskarta, "Sixten bai sani ba."

"Bai so ya sani ba. Minti goma na roƙe shi, Elsy. Ya gwammace ya kulle rumbu."

Faɗar haka ta yi mata zafi fiye da yadda ta zata. Duk mako ukun nan fuskar Börje take hangowa, ba ta tsaya ta tuna cewa wanda ta fi so ya ga tasar nan ba zai gan ta ba. Sixten ne ya koya mata tuƙi a kan tafki lokacin da ya daskare, tana 'yar shekara goma sha biyu, yana dariya duk sanda motar ta juya da su. Ya mutu yana ganin ita ta kunyata masa 'ya. Wannan babu sifanar da za ta kwance shi, kuma da ta gane haka sai fushinta ya ƙaru.

Ta ɗauko guduma daga jikin bango ta ajiye a gaban Börje, da ƙusa, da ɗan allo, da alƙalami.

"Doka ta ce wanda ya kafa shi ke cirewa."

Ya dubi jama'a ko akwai mai cewa ya isa haka. Folke yana kallon silin. Wani da ya kai wa Börje motarsa makon jiya ya fice da sauri, aka hango shi ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. Börje ya jawo tsani ya hau. Reshen ya bushe ƙayau, yana taɓa shi ya karye a hannunsa. Ya ɓanɓaro allon mai sunanta, ya sauko ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba, ta nuna masa kwandon shara da haɓa.

"Yanzu rubuta naka. Kwanan watan ranar dandali za ka sa, ba na yau ba."

Ya rubuta. Da ya ɗauki filtar zai koma tsani sai ya tsaya kusa da ita, ya rage murya.

"Na so in gaya wa Sixten. Sau da yawa na je har ƙofarsa."

"Yana maƙabartar bayan coci, layi na uku daga shinge. Ba ya zuwa ko'ina."

Ya hau. Ya ɗora filtar a inda reshen ya bar farin tabo a katako, baƙin mai yana gangara masa cikin hannun riga. Bugun farko ya kuskure ƙusar. Majvor ta ji daɗi, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba. Ta tsiyaya kofi, ta ɗauki burodinta guda, ta jingina da teburin inda za ta fi gani sosai.

Tuva ta matso kusa da ita. Ta tsaya tana murza makullin rumbu a hannu, ta buɗe baki ta rufe har sau biyu.

"Gwaggo," ta ce, "giyar za ta gyaru?"

Majvor ta ji sunan, ya kuma shige ta har ƙashi. Amma ba ta waigo ba, don Börje ya sake ɗaga guduma.

"Za ta gyaru," ta ce. "Bari ya gama tukuna."